Jirgi mai ƙafa nawa ya dace da kamun wolai a manyan tafkuna masu iska?

Baban Yara: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san ruwa. Jirgin fatsa ake son saya don kamun wolai, wani kifin tafkunan Arewacin Amurka, manya uku ne za su riƙa shiga, wani lokaci huɗu. Yawancin fitar a yammacin Tafkin Eri ne, wajen garin Fot Kilinton a jihar Ohayo ta Amurka, sai sau ɗaya ko biyu a shekara a ja shi zuwa tafkin Mil Laks a jihar Minesota. Uku ne a gabanmu: na alminiyam ƙafa 16 da rabi mai inji mai ƙarfin doki 60, na alminiyam ƙafa 18 da rabi mai doki 150, da na faiba ƙafa 20 mai doki 250. Motar da za ta ja shi, laba 5,000 aka rubuta mata a matsayin iyakar nauyin da za ta ja. Wanne ya dace?

Sarkin Ruwa: Wa alaikumus salam Baban Yara. Fara cire na ƙafa 16 da rabi, sannan mu yi maganar sauran biyun. Ba wai ba ya kama kifi ba ne. Ranar da ruwa ya kwanta, ko kwalekwale ya isa. Matsalar ita ce wolai ba kifin kwantaccen ruwa ba ne. Idonsa na da wani faifai a ciki mai mayar da haske, shi ya sa ya fi ƙananan kifaye gani a duhu-duhu, kuma ya fi cin koto da asuba, da magariba, da ranar hadari, da lokacin da iska ta yamutsa saman ruwa. Wato ranar da kifin ya fi ci ita ce ranar da ƙaramin jirgi ya fi shan wuya.

Sannan ka dubi tafkin kansa. Eri shi ne mafi ƙarancin zurfi a manyan tafkuna biyar na Arewacin Amurka. Ɓangaren yamma, inda za ku fi zuwa, zurfinsa bai wuce ƙafa 24 ko 25 ba a matsakaici, alhali tsawon tafkin mil 241 ne daga Tolido zuwa Bafalo. Iska na da filin gudu, ruwa kuma ba shi da zurfin da zai shanye ta. Abin da ke fitowa shi ne igiyar ruwa gajera, tsayayya kamar bango, ɗaya na bin ɗaya ba hutu. Idan iskar ta juyo daga arewa maso gabas, duk tsawon tafkin take kwasowa ta jibge a bakin Ohayo. Cikin rabin awa ruwan da ka bari lumui zai zama wani abu dabam, kai kuma kana mil 6 daga gaɓa.

Manya uku a wannan ruwan, ƙafa 18 ne farko.

Injiniya: Na yarda da Sarki a kan ƙafa 18, amma akwai maganar da dillalai ke yawan faɗa wadda ya kamata a gyara: cewa dogon jirgi yana "haɗa igiya biyu", goshinsa na kan ta gaba tun gindinsa bai sauka daga ta baya ba. Wannan gaskiya ce a ƙananan igiyoyi kawai. Akwai lissafi mai sauƙi. A ruwa mai zurfi, ka ƙirga daƙiƙun da ke tsakanin igiya da igiya, ka ninka lambar da kanta, ka ninka da biyar, ka sami tazararsu a ƙafa. Daƙiƙa 2 ta ba ka ƙafa 20. Daƙiƙa 3 ta ba ka wajen ƙafa 45. Daƙiƙa 4, ƙafa 80. Rashin zurfi na rage wannan tazarar, amma ba ya mayar da ita ƙafa 20. To igiya mai tsayin ƙafa 3 zuwa 4 da ke zuwa duk daƙiƙa 3 ko 4, babu jirgin fatsa da zai haɗa biyunta. Dole ya hau ya sauka.

Abin da tsawo ke saya maka dabam ne. Dogon jirgi ya fi nauyi, ba ya tsalle da sauri. Ya fi faɗi, ba ya tangaɗi idan mutum biyu suka taru a gefe ɗaya suna ɗebo kifi da raga. Gefensa ya fi tsayi, tankinsa ya fi girma. Saboda haka kada a tsaya kan lambar tsawo kaɗai, a tambayi abu huɗu: faɗinsa, zurfin cikinsa daga daɓe zuwa leɓe, tsayin bangon baya inda ake ɗaura inji, da tsinin ƙirjinsa. Na ƙafa 18 da rabi da ake nema shi ne mai faɗin inci 94 zuwa 98, zurfin ciki kusan inci 24 ko fiye, bangon baya inci 25, ƙirji mai tsini kamar harafin V tun daga goshi har baya. Akwai jirage ƙafa 19 da 20 da aka ƙera wa kamun wani kifin a ruwan da ke da mafaka, gefensu gajere, daɓensu a sama. Ƙafa 17 mai zurfin ciki ya fi irinsu aminci a Eri.

Hajiyar Minesota: Malamai, ku yi mini haƙuri, duk Eri kuke kallo, shi kuwa ya ambaci Mil Laks, kuma kamun can ba irin na Eri ba ne. Mil Laks kamar ƙwarya yake, kusan zagayayye, zurfinsa iyaka ƙafa 42, ba tsibirin kirki da za ka fake a bayansa. Kifin rani na kwanciya a gefen tudun laka da ke tsakiyar tafkin, mil da yawa daga gaɓa. Amma dokar Minesota fatsa ɗaya ta yarda wa mutum ɗaya idan ruwa bai daskare ba. Ba a buƙatar filin jera sanduna takwas ko tara. Abin da ake buƙata shi ne jirgin da zai tsaya daidai kan gefen tudun, a zurfi ɗaya, iska na busawa, koto na tafiya a hankali.

A nan ne babban jirgi mai dogon gefe da gilashin gaba ke zama wahala. Iska na kama gilashin kamar tanti, goshi na kaucewa, kana ta kokawa da sitiyari maimakon jin cizo. Shi ya sa masuntan can da yawa ke riƙe da jirgi mai injin da ake tuƙawa da sandar hannu, ba sitiyari, ƙafa 17 zuwa 20, ba gilashi, suna jan koto da baya: a sa giyar ribas, gindin jirgi ya fuskanci iska, faɗin bangon baya ya rage gudu. Ana ɗaura masa faranti biyu a baya don tare ruwan da ke fantsamowa. Ban ce Baban Yara ya sayi irinsa ba. Ina cewa ne girma na da nasa kuɗin da ake biya a kan ruwa, ba a wurin dillali kawai ba.

Sarkin Ruwa: Hajiya, maganarki dutse ce a Mil Laks. Amma shi kwana ashirin zai yi a Eri kafin ya yi biyu a can. A Eri jan koto gaba ake yi, mil 1 zuwa 2 da rabi a awa, da alluna masu ɗauke zare gefe, sanduna a jere hagu da dama. A watan Afrilu ruwan na da sanyin digiri 4 ko 5. Wanda ya yi tafiyar mil 8 ba gilashi a wannan sanyin, feshi na dukan fuskarsa, kafin ya isa yatsunsa sun daina ɗaura ƙugiya. Jirgi mai gilashin da ya rufe gaba duka, da ƙofa a tsakiya, shi ne nasa. Iskar da kika ambata kuma ana maganinta da buhun ruwa, wato buhu mai buɗaɗɗen baki da jirgi ke ja a cikin ruwa don rage gudunsa: a saki ɗaya mai faɗin inci 48 zuwa 60 a goshi, wani ƙarami a baya, jirgin ya riƙa zamewa a kaikaice a hankali.

Makaniken Ditiroyit: Bari in shigo da lissafin kaya, don nan ne ƙaramin jirgi ke faɗuwa tun bai taɓa ruwa ba. Duk jirgi mai gangar jiki ɗaya da bai kai ƙafa 20 ba, dokar Amurka ta sa a manna masa farantin da ke faɗin iyakar mutane, iyakar nauyi, da iyakar ƙarfin inji. Mutane na karanta "mutum 6" su yi murna. Lambar nauyi ce abin dubawa, wadda ta haɗa mutane da inji da kaya.

A ce jirgi ne ƙafa 17 da rabi, farantin ya ce laba 1,700. Laba ɗaya ta ɗan gaza rabin kilo. Injin doki 115, wajen laba 370. Ƙaramin injin jan koto, doki 9.9, wajen 110. Injin lantarki na goshi, 60. Batir uku, 180. Akwatin ajiye kifi da rai idan ya sha galan 20 na ruwa, kusan 170, don galan ɗaya ya haura laba 8. Sanduna, anga, kula, raga, kayan gyara, a ce 110. An kai 1,000 ke nan ba wanda ya shiga. Saura 700. Maza uku masu laba 200 sun shiga da kyar, na huɗu ya ƙetare iyaka. Yanzu ka mayar da wannan lissafin kan ƙafa 16 da rabi.

Abin da ya fi muni, yawancin nauyin a baya yake taruwa: babban inji, ƙaramin inji, batir, da mutum biyu da suka koma can don kifi ya kama. Bangon baya ya nutse da inci uku ko huɗu. Jirage irin waɗannan ba kasafai ruwa ke cin su ta goshi ba, ta baya yake shigowa. Ko inji ya mutu jirgi ya juya wa igiya baya, ko an sake totur farat ɗaya igiyar da ke biye ta hau, ko an ɗaure anga a baya, wanda bai kamata a taɓa yi ba a buɗaɗɗen ruwa. Igiya ɗaya ta zuba galan 30, laba 250 ke nan a wurin da ya riga ya yi nauyi. Famfon fitar da ruwa daga jirgi da aka rubuta wa galan 800 a awa, galan 13 ne a minti a takarda, idan ya tura ruwa sama ta tiyo bai fi 8 ko 9 ba. Yana buƙatar fiye da minti uku, igiya ta gaba kuwa daƙiƙa huɗu ce. Shi ya sa nake nanata bangon baya inci 25 maimakon 20, da kwarmin tare ruwa mai zurfi a gaban inji, da famfo biyu: ɗaya mai tashi da kansa, ɗaya mai makunni, kowanne da tiyonsa da fis ɗinsa.

Baban Yara: Allah ya saka da alheri, na fahimta, na ƙafa 16 ya fita. Saura alminiyam 18 da rabi da faiba 20. Idan kuɗi ya kai, ba gara a ɗauki babban a huta ba?

Ɗan Tolido: Ni ra'ayina ke nan, Yallaɓai. A ruwan Eri faiba ƙafa 20 ya fi alminiyam ƙafa 18 da rabi, nesa ba kusa ba. Faiba a cikin mazubi ake zuba shi, ana iya lanƙwasa ƙirjinsa yadda ake so, ya yanka ruwa ya watsa feshi ƙasa. Alminiyam faranti ne ake lanƙwasawa, akwai iyakar siffar da zai ɗauka. Ga nauyi: gangar jikin faiba ƙafa 20 ta haura laba 2,000 sosai, ba ta buga ƙasa kamar ganga. A igiya ƙafa 2 zuwa 3, mai faiba na tafiya mil 25 a awa, mai alminiyam ya sauko 15 don ceton bayansa. Kuma idan rani ya yi, manyan kifayen na ƙaura gabas zuwa tsakiyar tafkin mai zurfi da sanyi, sai an bi su mil 10 ko 15 cikin ruwa. Jirage irin su Ranger 620 da Warrior da Skeeter WX don wannan aikin aka yi su.

Makaniken Ditiroyit: Ɗan Tolido, ba ka yi ƙarya ba, amma ka manta da motarsa. Haɗa gangar jiki, da injin doki 250 mai laba sama da 500, da ƙaramin inji, da batir huɗu, da galan 50 na fetur a laba 6 kowanne, da tirela mai taya huɗu wadda ita kaɗai ta kai laba 1,000. Ka doshi 4,500 zuwa 5,000. Motar da aka rubuta wa 5,000, an yi lissafin ne ba tare da maza huɗu da jakunkuna a cikinta ba. Daga Ohayo zuwa Minesota a bakin iyakarta, giya za ta yi zafi, birki ya gaji, kuma a gangaren saukar da jirgi mai gansakuka tayoyin za su yi ta juyawa a banza. Alminiyam ƙafa 18 da rabi da komai nasa yana tsayawa tsakanin 3,000 da 3,500. Wannan motar za ta ja shi hankali kwance. Wanda zai ɗauki faiba 20 ya sa kuɗin babbar mota a lissafi.

Ka kuma auna gareji kafin ka biya. Jirgi ƙafa 18 da rabi a kan tirela, da inji a baya, yana cin ƙafa 22 zuwa 23, sai in wuyan tirelar mai naɗewa ne, ya rage maka kamar ƙafa 2. Faɗin tirela daga taya zuwa taya na iya kai inci 102, ƙofa mai ƙafa 8 kuwa inci 96 ce.

Injiniya: Ƙari kan wannan, akwai abin da ba kowa ya sani ba game da ƙafa 20. Dokar tarayya da ta tilasta zuba soso a jikin jirgi, yadda ko ya cika da ruwa zai tsaya a miƙe a saman ruwa, ta tsaya ne kan waɗanda ba su kai ƙafa 20 ba. Daga 20 zuwa sama ba dole ba ne, ko da yake kamfanoni da yawa na sawa. A tambaya kafin a saya.

Kuma Ɗan Tolido, jirgi mai taushin tafiya na da nasa haɗarin: yana ɓoye wa direba yadda ruwan ya lalace. Tsakanin ƙafa 18 da rabi da ƙafa 20, bambancin jin daɗi ne a igiya ƙafa 2 zuwa 3. Idan ta kai 5, dukansu ƙanana ne. Hukumar yanayi ta Amurka na fitar da hasashe na musamman na mil 5 daga gaɓa, tana kuma gargaɗin ƙananan jirage idan iska ta kai wajen mil 25 a awa ko igiya ta haura ƙafa 4. A lura, lambar tsayin igiya da suke bayarwa matsakaicin manyan igiyoyi ce, kashi ɗaya cikin uku mafi tsayi. Jefi-jefi wata za ta zo ta kusa ninka ta. In an ce ƙafa 2 zuwa 4, ka sa ran haɗuwa da mai 6. In an ce 3 zuwa 5, da muguwar rawa gara ƙin tashi.

A dubi alƙiblar iska kamar yadda ake duba ƙarfinta. Iskar kudu ko kudu maso yamma daga tudu take fitowa a bakin Ohayo, sai ka ga mashigar jirgi shiru kamar ruwan randa. Mil 5 a ciki labari ya canza, kuma dawowa gaba da gaba za ka yi da ita. A yammacin Eri tsibiran Bas da Kelis na ba da mafaka, sai a tsara fita yadda ɗaya zai kasance tsakaninka da iska.

Hajiyar Minesota: Tunda an karkata ga 18 da rabi, a duba injinsa. Idan farantin ya yarda da doki 175 ko 200, to 150 ya yi, don ƙa'idar da aka saba ita ce kada a gaza kashi uku cikin huɗu na iyakar. Ba don gudu ba ne. A cikin igiya kana son jirgi ya zauna a saman ruwa a ƙaramin gudu, mil 14 zuwa 18, ka ba shi wuta yana hawa, ka sassauta yana sauka. Raunannen inji ba ya amsawa da wuri, goshi ya ɗaga sama, gindi ya nutse, mai na ƙonewa ba tafiya. Farfela mai kunne huɗu na taimakawa a nan. Kuma kada a doshi igiya kai tsaye, a yanke ta a kaikaice. In tana bayanka, ka hau bayan ɗaya ka bi gudunta, kada ka tsallake ta ka soka goshi a ta gaba.

Sarkin Ruwa: Mai kuma a raba shi uku: kashi ɗaya zuwa, ɗaya dawowa, ɗaya ajiya. Injin doki 150 a cikakken totur na shan wajen galan 14 ko 15 a awa, a matsakaicin gudu kusan rabin haka, amma a lalataccen ruwa kowane mil ya fi tsada. Tanki ƙasa da galan 35 ya yi kaɗan. Ƙaramin injin 9.9 ba na jan koto kaɗai ba ne, shi zai kai ka gida in babban ya ƙi.

Kayan doka ga jirgi ƙafa 16 zuwa sama: rigar ceto ga kowa, da abin jefa wa wanda ya faɗa, da alamun neman agaji, da abin kashe gobara. Tun Afrilun 2021 dole direban jirgin da bai kai ƙafa 26 ba ya maƙala igiyar kashe inji a jikinsa idan yana gudu, in dai jirgin na da ita. A ƙara rediyon ruwa, tasha 16 ce ta kiran agaji, don waya na ɗaukewa a tsakiya. Rigar kuma a jiki take, ba a ƙarƙashin kujera ba. A ruwa mai digiri 5, minti na farko numfashi ke ƙwacewa, cikin kamar minti goma hannu ya daina aiki.

Baban Yara: To an tsaya kan alminiyam 18 da rabi in Allah ya yarda. Na hannu ne, ba sabo ba. Me za a duba? Kuma injin lantarkin da ke kansa bolt 12 ne.

Makaniken Ditiroyit: Wannan injin a canza shi, laba 55 yake turawa, ba zai riƙe jirgin a iskar mil 15 ba. Ana lissafin laba 2 ga kowace laba 100 ta jirgi da kayansa, sannan a ƙara saboda iska. Naka bolt 24 ne mai laba 80, batir biyu nasa shi kaɗai, ban da na tada inji. Sandarsa kada ta gaza inci 60. Goshin waɗannan jiragen na da tsayi, in sandar gajera ce duk igiyar da ta ɗaga shi farfela na fitowa waje tana kaɗa iska, jirgi ya zame daga wurin.

Wajen dubawa, fara da bangon baya. Da yawa katako ne a tsakanin faranti biyu. Ɗaga injin sama, ka danna ƙafarsa da ƙarfi, ka kalli bangon: in ya motsa, ko ka ga farantin ya lotsa a kusa da notina, ko ruwa mai launin shayi na tsiyaya daga ramukansu, katakon ya ruɓe, kuma gyaran ba ƙarami ba ne. Taka daɓen ko'ina ka ji inda ya yi laushi. Shiga ƙarƙashin tirela da tocila. In na ƙusa ne irin Lund da Alumacraft, nemi ƙusar da baƙin zobe ya kewaye, alamar tana motsi. In na walda ne irin Crestliner, nemi siririn tsagu a gefen waldar, musamman a kashi ɗaya cikin uku na gaba inda yake dukan ruwa. A kai shi sikelin manyan motoci a auna. In ya fi abin da takarda ta ce da laba ɗari biyu ko uku, soson cikinsa ya sha ruwa. A sa makanike ya auna matsin kowace silinda, ya karanta awannin injin a kwamfuta, ya zare ɗan man giyar ƙasa ya ga ko ya koma fari kamar madara.

Gwajin ruwa kuma a yi shi ranar da ake iska, da mutanen da za su riƙa shiga, tanki cike, akwatin kifi cike. Bayan awa ɗaya a fito da shi, a tsaya a kan gangaren, a cire toshiyar baya a ga yawan ruwan da zai zubo.